Yaro Mai Amana

Kwanakin baya, ana dab da saukar ruwan farko, ina zaune a bakin shago ina ƙidaya katan-katan ɗin maganin feshi da aka sauke mini daga Kano, sai wani ya tsaya da mashin. Muka gaisa, ya gyara tsayuwa ya ce, "Don Allah a taimaka a samo mini yaro mai amana." Wannan magana na ji ta ya fi sau ɗari. Duk mai ɗan shago a Funtuwa, da mai injin niƙa, da mai sayen hatsi a kasuwar Dandume, yaro mai amana yake nema, sai ka ce wani irin shuka ne da ake sayarwa a leda. Amma jin ta daga bakin wannan mutumin ya sa ƙidayar ta ɓace mini. Zan faɗi ko wane ne, sai dai mai karatu ya yi haƙuri in ɗauko zancen daga tushe. Kuma ba zan kama sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasunsu ma tuwonmu ɗaya.

Sana'ata sayar da kayan noma: iri, takin zamani, maganin ciyawa da na ƙwari, da injin feshi na goyo. Na buɗe shagon a 2014 bayan na gaji da alli da allo. Wanda bai san wannan kasuwa ba zai ɗauka duk shekara ake yin ta, alhali kuwa cinikin gaske wata huɗu ne, daga Mayu zuwa Agusta. A watannin nan ko ruwa ba ka samun sukunin sha. Manomi zai zo daga Bakori ko Danja ko Ƙafur da sassafe, yana sauri ya koma kafin laimar ƙasa ta gudu, ga mai neman kamfa, ga mai neman yuriya, ga wanda ya zo da ganyen masara a aljihu yana so a gaya masa abin da ke cin ta. In kaka ta wuce kuwa, in ka ɗebe 'yan noman rani, sai ka wuni kana korar ƙuda. To ka ga mai irin wannan shago yana bukatar hannu huɗu a damina, rabin hannu a rani, kuma a nan rigimar ɗaukar ma'aikaci take farawa.

Ni a gidan ciniki na tashi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sayen auduga yake yi tun zamanin da auduga ce sarauniya a ƙasar nan, ana kai ta injin gurza na Funtuwa, jirgin ƙasa yana kwasa. Masarar da muke tinƙaho da ita yau ba ta kankama ba sai bayan da aka kafa Aikin Gona na Funtuwa a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, aka yawaita taki da sabon iri. Na taso na tarar da samari huɗu zuwa biyar kullum a zaurenmu, ana ce musu yaran Alhaji. Ban taɓa jin an ambaci albashi tsakaninsu da shi ba. Amma a gidan suke ci, shi ke yi musu ɗinkin sallah, in ɗayansu ya kwanta shi ke kai shi asibiti, in ya isa aure shi ke zuwa nema ya biya sadaki ya ba shi ɗaki. Bayan wasu shekaru kuma sai ya kira shi gaban mutane ya damƙa masa jari, ya sa masa albarka, ya sallame shi. Babu takarda, amma kowa ya san abin da ke kansa, kuma maigidan da ya riƙe yaro shekara goma bai sallame shi ba, gari ne zai zage shi. Wannan na gani da idona, kuma na ɗauka na fahimce shi. Ashe rabinsa na fahimta, rabin da ya yi mini daɗi.

A daminar 2017 tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara ganinta a Najeriya a 2016, ta addabi gonakinmu. Masifa ce ga manomi, amma gaskiya ɗaya ce, mu masu magani mun yi ciniki. Aiki ya fi ƙarfina. Ina cikin tunanin wanda zan ɗauka sai ga Yayata, wadda nake bi, ta zo gida da ɗanta na biyu, ya gama sakandare shekara biyu yana zaune. Bayan an ci abinci ta ce, "Ga ɗanka nan, ka riƙe shi a shago, ya fi masa zaman majalisa." Na ce, "To, Yaya." Iyakar tattaunawar da aka yi ke nan. Ban tambaye shi ko yana son aikin ba, ita ba ta tambaye ni abin da zan riƙa ba shi ba, shi kuma yana tsugune kansa a ƙasa. Wa zai kawo maganar kuɗi tsakanin kawu da ɗan 'yar'uwarsa? Ai abin kunya ne.

Yaron kuwa ya yi aiki, ba zan zalunce shi ba. Kafin shekara ya san kowane kaya da farashinsa, ya san manoman da fuska, ya fi ni iya lallashin mai ciniki. Kullum ina ba shi kuɗin abincin rana, in an yi ciniki mai kyau in ɗan ƙara masa wani abu, da sallah in yi masa kaya kala biyu. A raina ina cewa wata rana zan yi masa abin kirki. Wace rana? Nawa? Ban taɓa tsayar wa kaina ba, balle in gaya masa.

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, hatsi ya yi daraja, mutanen da suka bar gona suka koma. Sai na ga dama ta samu, na kama ƙaramin shago a Malumfashi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Funtuwa in ka bi ta Bakori, na zuba kaya na ɗora shi a kai. Mutane suka yi ta yaba mini, wai naka sai naka. Ina leƙawa sau ɗaya a mako, in karɓi ciniki, in duba littafi sama-sama in dawo. Wani lokaci ma ina jin nauyin ƙidaya kaya a gabansa, kada ya ga kamar ina zarginsa.

Ƙarshen kakar 2020 na ce bari mu zauna mu yi lissafin shekara. Muka rufe ƙofa bayan la'asar muka fara. Taki ya yi giɓin buhu 46, ban da magani. Na sake ƙidayawa, na sake, abin bai canja ba. Na dube shi na ce, "Ina kayana?" Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya jawo wani ƙaramin littafi daga ƙarƙashin kanta, wanda ban taɓa gani ba. Ashe bashin taki ya riƙa bayarwa a kan a biya shi da masara in kaka ta yi, irin yadda 'yan kasuwa da yawa ke yi. Niyyarsa in masarar ta shigo ya ajiye ta, in ta yi tsada ya sayar, ya mayar mini da kuɗin takina, ribar ta zama tasa. Wasu sun biya. Amma mafi yawan waɗanda ya ba mutanen ƙauyukan da ke wajen Ƙanƙara ne, kuma kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin a shekarar. Wasu ba su iya zuwa sun cire amfanin gonarsu ba, wasu sun bar garuruwan ɗungurungum, mutum biyu a cikin littafin ma an ce ba su da rai.

Na yi faɗa, na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya. Na kira shi maci amana. Yana tsaye yana saurare har na gaji, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kawu, na yi laifi, ban musa ba. Amma damina huɗu ina tare da kai, nawa ne albashina?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Ya ce, "An ba ni mata tun bara, iyayenta sun ce in fito. Na zo maka da maganar sau biyu ka ce a bari a ga yadda kasuwa za ta yi. Sa'o'ina masu acaba sun yi aure. Ni in an tambaye ni me nake samu, ban san abin da zan ce ba."

A ranar ban karɓi maganar ba, ƙarya ne in ce na karɓa. Na amshe makullin na ce ya tafi. Washegari Yaya ta zo, ba ta ko zauna ba, ta ce, "Ɗan nawa ka kira ɓarawo?" Na ce ban ce ɓarawo ba, ta ce duk ɗaya ne. Daga ranar ta ɗauke ƙafa daga gidana. Aka yi suna a gidana ba ta zo ba, ta aiko da turmin atamfa ta hannun maƙwabciya, wanda ya fi rashin aikowar ciwo. Wata goma sha ɗaya muna haka, in mun haɗu a wajen Hajiyarmu sai gaisuwar fatar baki. Buhu 46 na yi ta lissafawa da farko, daga baya na gane asarar da ta fi ita ce wannan, mutumin da kuka sha nono ɗaya ya gan ka ya kau da kai.

Hajiya ce ta warware abin, kuma ba ta goyi bayan kowa ba. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai kana so ka yi irin na ubanka, amma ubanka bai taɓa barin yaro ya roƙi aure sau biyu ba. Ka ɗauki yaro irin na da, kana riƙonsa irin na yanzu. In ɗanka ne, yi masa abin da ake yi wa ɗa. In ma'aikaci ne, biya shi. Wanne ka yi?" Na yi shiru, don babu wanda na yi. Kuma in za a faɗi gaskiya, yawancinmu masu ƙananan shaguna haka muke. Muna son sunan "yaron gida" domin ba ya zuwa da albashi, amma nauyin da ke biye da sunan mun bar wa iyayenmu a kabari. Ba ina wanke wanda ya taɓa kayan da ba nasa ba ne, ya yi kuskure kuma ya sani. Sai dai duk wanda ya ajiye saurayi mai jini a jika a gaban dukiya shekara da shekaru bai yanka masa rabonsa ba, to ya sani yaron zai yanka wa kansa.

Abin da aka yi a ƙarshe, na zauna na ƙiyasta abin da ya kamata a ce na biya shi a damina huɗun nan, aka cire abin da ya salwanta, ragowar na cika na ba shi a gaban Hajiya da Yaya. Da shi ya yi aure, ya fara 'yar sayen masara. Bai dawo shagona ba, ni ma ban nema ba.

Daga nan sai na rantse na bar ɗaukar dangi, na ce yanzu irin na 'yan boko zan yi. Farkon 2021 na rubuta sanarwa a kwali na manna a ƙofar shago cewa ana neman ma'aikaci. Jama'a, ban san haka zaman banza ya yi yawa a garin nan ba sai a makon. Masu NCE, masu difloma, masu digiri, kowa da takardunsa a cikin leda, saboda aikin ɗaga buhu da share shago. Ga kuma waya ba ta hutawa: abokin makaranta, limamin unguwa, wani babba da ban taɓa zaton ya san da zamana ba, kowa da nasa yaron, kuma kowane yaro "mai amana ne, ni na tsaya masa." Na toshe kunne na zaɓi wanda takardarsa ta fi ta kowa kyau, mai digiri a fannin noma, na yanka masa albashi. Yaro ne mai hankali, ya san aikinsa, ni kaina na ƙaru da shi, ko da yake manoma sun riƙa ƙorafin yana yi musu Turanci. A tsakiyar Yuli, ranar da layi ya kai bakin titi, ya zo ya ce ya sami aiki a wani kamfani a Zariya, jibi zai fara. Ban ga laifinsa ba. Mai jiran mota na ɗauka, shagona inuwa ce ya fake kafin ta iso. Daminar nan ni da ƙaramin ɗana muka ƙarasa ta, har na kwanta ciwon baya.

Sai a karo na uku na zauna na tambayi kaina abin da ya kamata in tambaya tun farko: shin wane aiki ne ma nake son a yi mini? Ɗaga buhu kowa zai iya. Lissafi ana koya. Abin da ke kashe shagon kayan noma shi ne a ba manomi maganin da ba shi ya dace ba. Misali, akwai maganin ciyawa mai sinadarin gilaifoset, irin su Roundup da Force Up, wanda ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa sai ya bi shi har saiwa. Kafin shuka ake fesa shi, ko bayan shuka kafin tsiro ya fito. In aka fesa shi a kan masarar da ta fito, ba a ganin komai a ranar, sai bayan kamar mako guda gona ta fara yin rawaya, shi ke nan an gama. Akwai kuma 2,4-D, wanda manoma ke kira tufodi, mai kashe ciyawa mai faɗin ganye a gonar shinkafa, amma auduga da waken suya da tumatir ba sa shiri da shi ko kaɗan. Auduga ma ko ragowarsa ce a injin da ba a wanke sosai ba, sai ka ga ganyenta ya murɗe. Manomi ɗaya ka ƙona wa gona, ƙauyensu gaba ɗaya ka rasa, ban da alhaki.

Don haka a watan Yunin 2022 ban manna kwali ba. Na sa aka kawo mini samari huɗu, na ce kowa zai yi kwana uku a shago na gwaji, kuma zan biya shi kwanakin ko na ɗauke shi ko ban ɗauke shi ba. Sannan na haɗa baki da wani dattijo, tsohon abokin cinikina daga wajen Mairuwa. Ranar kowane yaro ta biyu sai in ce zan je banki, dattijon ya shigo ya ce ciyawa ta cinye masa masara, a ba shi Force Up lita biyu, ga kuɗi a hannu. Uku daga cikinsu suka miƙa masa, suka karɓi kuɗi, ɗaya har da yi mini albishir ya yi ciniki ba na nan. Na huɗun wani siririn yaro ne daga Danja, iyakarsa aji uku na sakandare, sana'arsa feshi a gonakin mutane ana biyansa. Dattijon ya ba ni labari yana dariya. Wai yaron ya ce, "Baba, masarar ta fito ne?" Ya ce ta kai gwiwa. Yaron ya ce, "To Baba, wannan ba naka ba ne, zai kashe ta." Dattijon ya murtuke ya ce shi da kuɗinsa, tun kafin a haifi uban yaron yake noma. Yaron ya ce, "Haka ne Baba, ka yi haƙuri. Ga wanda ake fesa wa masara in ta fito, in kuma wancan kake so sai dai ka jira Alhaji ya dawo ya ba ka da hannunsa, ni ba zan iya ba." Ya bar ciniki ya tafi a ranar gwajinsa, ranar da kowa ke son ya nuna ya iya sayarwa.

Shi na ɗauka. Amma kafin ya taɓa makulli na ce ya zo da mahaifinsa, ni ma na kira maƙwabcin shagona ya zama shaida. Na rubuta takarda da Hausa, shafi ɗaya, aka karanta a fili: ga albashinsa, ga ranar biya, ga kamashon da zai samu a kan kowane katan a damina, ba ya ba da bashi ko na kwalba ɗaya sai da izinina, za a ƙidaya kaya duk ranar Alhamis ni da shi, kuma in ya cika shekara biyar zan sallame shi da jari, na faɗi adadin. Mahaifin ya yi ta cewa, "Haba Alhaji, ai ba sai an yi haka ba, ɗanka ne." Na ce, "Baba, wannan kalmar ce ta raba ni da Yayata wata goma sha ɗaya." Ƙidayar Alhamis ɗin nan da nake jin kunyarta a da, ashe yaro mai gaskiya ya fi kowa son ta, domin ita ce ke wanke shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wani abin kirki nake biya. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne, dokar kuma ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, to ni da rani ba na kaiwa nan, sai damina in an haɗa da kamasho yake wucewa. Ya san haka tun ranar farko, kuma ya san dalili. Da rani na yarda ya riƙa zuwa feshinsa a gonakin tumatir kwana biyu a mako, kuɗin nasa ne.

Gwajin da ban shirya ba shi ne na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa. Sau da yawa na'urar POS ta shago ba ta da sabis, sai manoman rani su tura kuɗin a asusun yaron. Ina Malumfashi a lokacin ina ƙoƙarin tayar da wancan shagon, wanda daga baya na haƙura na rufe. Da na dawo ya miƙo mini takarda, ya rubuta kowane mutum da garinsu da abin da ya turo, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, jimillar ta zo daidai har da naira 300 da wani ya yi kuskuren ƙarawa, ya ce yana jiran mutumin ya dawo kasuwa. Yanzu saura kaɗan shekara biyar ɗin ta cika, kuma wallahi wani lokaci in na tuna sai gabana ya faɗi, in ji wata zuciya tana cewa a ɗan ja lokaci, a bari a ga yadda kasuwa za ta yi. Na san muryar nan. Na riga na fara ware kuɗin a wajen matata, don ita ba ta jin irin wannan muryar.

To, mai mashin ɗin nan da na fara ba da labarinsa, ɗan Yayata ne. Allah ya buɗa masa, yanzu yana da ɗan sito yana tara masara da waken suya, har yana lodi zuwa kamfanonin abincin kaji, aiki ya fi ƙarfinsa. Da ya ce a samo masa yaro mai amana, na ajiye biro na ce, "Nawa za ka riƙa biyansa?" Ya yi dariya ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ai sai an fara an ga yadda kasuwa za ta yi." Na dube shi, ya dube ni, sai dariyar ta tsaya. Na shiga ciki na ɗauko kwafin takardar ɗan Danja na ba shi, na ce ya je ya karanta, in ya cike nasa adadin ya dawo, akwai ƙanen yaron nawa da ke neman aiki. Ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce zai yi tunani.

Yau mako uku ke nan bai dawo da maganar ba. Shekaranjiya na je gaida Hajiya, a can nake jin Yaya ta riga ta kai masa ɗan ƙanwar mijinta.